Gona, Dukiya da Tafiya a Bakin Mutanen Damargu: Nazarin Kalmomi daga Karkarar Belbeji

1.0 Gabatarwa

Mu ɗaliban kimiyyar harshe mun saba da rarraba kalma a kan allo: a ware saiwa, a fitar da ɗafi, a sa alamar karin sauti, a tashi daga darasi. Sai dai akwai wuraren da bambancin kalma ɗaya yake iya raba iyali da gonar da suke ci daga gare ta shekara da shekaru. Karkarar Belbeji, a ƙasar Damargu, tana cikin irin waɗannan wurare. Wannan maƙala za ta duba rukunoni uku na kalmomin da rayuwar ƙauyen manoma take tafiya a kansu a wannan yanki, wato kalmomin noma, da na mallaka, da na tafiya. Manufar ita ce a nuna yadda ƙirar kalma da ilimin ma'ana da nazarin aron kalmomi suke taimakawa wajen fahimtar al'umma, da kuma irin alhakin da yake wuyan wanda ya koyi waɗannan fannoni idan aka kira shi tafinta ko rubuta takardar shaida.

2.0 Wurin Nazari

Damargu tana arewa da birnin Damagaram, a bakin iyakar ƙasar noma da ƙasar kiwo. A tsarin mulki na yau ta ƙunshi gundumomin Tanut da Belbeji. Belbeji tana yamma da Tanut, tana iyaka da ƙasar Dakoro ta jahar Maraɗi, kuma a shekarar 2011 ne aka cire ta daga Tanut ta zama gunduma mai cin gashin kanta. Karamar hukuma ɗaya ce a cikinta, wato Tarka, wadda ta samo sunanta daga kwarin Tarka, tsohuwar hanyar ruwa da ta ratsa yankin ta nufi yamma. Hausawa da Dagara masu jin wani karin Barbarci da Abzinawa da Fulani da Larabawa duk suna zaune a Damargu, kuma Hausa ce harshen da yake haɗa su a kasuwa da bakin rijiya.

Tarihin yankin tarihin hatsi da ayari ne. A ƙarni na 19 Damargu ce rumbun Azbin. Abzinawan Kel Ewey suna sauko da gishirin Bilma da dabino, su koma arewa da gero, kuma hanyar fatauci daga Tarabulus zuwa Kano ta nan ta bi. A watan Janairu na 1851 matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya iso Damargu tare da ayarin gishiri, kuma a Tagelel ne ya rabu da abokin tafiyarsa Richardson, bayan ƴan kwanaki kuma ya rabu da Overweg, shi ya nufi Kano ta Tasawa da Katsina. Wannan fatauci ya durƙushe bayan da jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, kayan Turai suka koma shigowa ta teku. Masanin tarihi Stephen Baier ya yi cikakken bayanin wannan sauyi a littafinsa na 1980 a kan tattalin arzikin tsakiyar Nijar. Abin da ya shafe mu a nan shi ne sawun da wannan cuɗanya ta bari a cikin harshe.

3.0 Kalmomin Noma da Ma'auni

Damina a Damargu gajeriya ce, galibi daga Yuli zuwa Satumba, ruwan kuma ba shi da tabbas. Saboda haka kalmomin aikin gona suna bin lokaci sau da ƙafa: sassabe a bazara, sai shuka, sai noman fari, sai maimai, sai girbi da ɗaurin dami a kaka, daga nan a kai rumbu. Akwai kuma binne, wato a zuba iri a busasshiyar ƙasa tun kafin ruwa ya sauka, da fatan ruwan farko ya tarar da shi a ciki. Kalmar ta fito daga aikatau na binne gawa ko taska, kuma ta dace da aikin, domin manomi yana rufe irinsa ne ba tare da sanin ko zai tashi ba.

Misali mai kyau na ƙuntatar ma'ana shi ne kalmar hatsi. A daidaitacciyar Hausa hatsi ya ƙunshi gero da dawa da maiwa. A bakin manoman Nijar kuwa, idan aka ce hatsi, gero ake nufi, domin shi ne abincin da ya rinjayi saura. Haka nan kalmar dukiya: a birni tana nufin kuɗi da gidaje da kadara, amma makiyayi idan ya ce dukiyarsa ta tafi arewa, bisashensa yake nufi. Ita kanta kalmar bisashe, jam'in bisa, ta fi yawo a Hausar Nijar fiye da dabbobi. A duka misalan biyu, abin da ya fi muhimmanci a rayuwar mutane shi ne ya ƙwace sunan rukunin baki ɗaya.

Ɗafa-goshin ma- yana da yawan aiki a wannan fage. Yana samar da sunan mai aiki, kamar manomi da makiyayi da matafiyi. Da sunan wuri, kamar makiyaya da mashaya da masauki. Da sunan kayan aiki, kamar magirbi da masassabi. Ya kamata a lura cewa makiyaya, jam'in makiyayi, da makiyaya, wurin kiwo, rubutunsu ɗaya ne, karin sauti ne yake bambanta su. Tun da ba a sa karin sauti a rubutun yau da kullum, jimla irin "an hana noma a makiyaya" mahallinta ne kawai yake fayyace ta.

Ma'auni ma yana buƙatar hattara. Tiya ta hatsi tana kai kimanin kilo biyu da rabi, tiya 40 kuma ita ce buhu mai kilo 100. Dami kuwa ba shi da girma ɗaya. Damin wani gari ya fi na wani, har ma na wani gida ya fi na maƙwabcinsa. A lissafin kuɗi, dala tana nufin faran biyar na kuɗin sefa. Dala ashirin faran 100 ke nan, dala ɗari faran 500, jika guda kuma faran 1000, wato dala metan. Kalmar dala ta samo asali daga sunan tsohon kuɗin azurfa na Turai da ya yi yawo a Sahara kafin zuwan Faransawa. Mai bincike da ya ji an ce an sayi akuya "dubu huɗu" ya rubuta faran 4000 ya yi kuskure ninki biyar, domin mai maganar dala yake ƙirgawa, kuɗin kuwa faran 20,000 ne, jika ashirin.

4.0 Kalmomin Mallaka

A nan ne nazarin ya fi nauyi. Gonar gida da ake nomawa tare a ƙarƙashin mai gida ita ce gandu. Ƴar gonar da mai gida yake yanka wa matarsa ko ɗansa domin amfanin kansa ita ce gayauna a Kano, a yawancin Nijar kuma gamana. Matar da take noma gamana za ta ce "gonata", mai gida ma zai ce "gonata", wanda aka ba aro shi ma "gonata" zai ce. Mahaɗin mallaka na Hausa, wato -n da -r da wakilan sunan da suke biye da su, yana nuna dangantaka ce tsakanin abu biyu, bai damu da irin dangantakar ba. Shi ya sa ake cewa "garinmu" da "motarmu ta tashi" ba tare da an mallaki garin ko motar ba. Don haka jin mutum ya ce "gonata" ba hujjar mallaka ba ce. Tambayar da take warware zance ita ce: ta wace hanya gonar ta zo hannunka?

Hausa tana da amsoshi sanannu ga wannan tambaya. Akwai saran daji, wato wanda ya fara share wuri; akwai gado; akwai saye; akwai kyauta. Waɗannan huɗu suna ba da mallaka. Akwai kuma aro, da haya, da jingina, waɗanda suke ba da damar amfani kawai. Jingina ta fito daga aikatau na jingina abu a jikin wani abu: mai gona ya karɓi kuɗi ko hatsi, ya jingina gonarsa a hannun mai bashi, shi kuma ya yi ta nomawa har ranar da aka fanshe ta. Siffar da take cikin kalmar tana ɗauke da hukuncinta, domin abin da aka jingina ana sa ran ɗauke shi.

Bambancin aro da rance ya cancanci a tsaya a kansa. A aro, ainihin abin da aka karɓa ake mayarwa: gona, jaki, amalanke, hauya. A rance, kwatankwacinsa ake mayarwa, domin ainihin ya riga ya shiga ciki ko ya shiga kasuwa: hatsi, kuɗi, iri. Ba a rancen gona, ba a kuma aron tiyar hatsin da za a daka. Cuɗanya da Fulani ta kawo nau'i na uku, wato habbanaye. A wannan al'ada mutum yakan ba ɗan'uwansa ko abokinsa saniya ko akuya, ya riƙe ta har ta haihu, ya sha nono, ya riƙe ƴaƴan da aka yi alkawari, sannan ya mayar da uwar. Hausa ba ta da kalma ɗaya da ta haɗa wannan ma'ana, shi ya sa ta ɗauki ta Fulatanci yadda take. Ƙungiyoyin agaji ma sun ɗauki kalmar suna kiran shirye-shiryensu na raba awaki ga mata da ita.

Ta fuskar nahawu, tsarin rukunan aikatau bakwai da F. W. Parsons ya gabatar a 1960 yana bayyana alƙiblar ciniki. A duba waɗannan jimloli:

(a) Musa ya ari gona.
(b) Musa ya ara wa Isa gona.
(c) Musa ya sayi gona.
(d) Musa ya sayar da gona.

A (a) da (c) aikatau yana rukuni na biyu, kuma gonar tana shigowa hannun Musa. A (b) saiwar ba ta sauya ba, amma aikatau ya koma rukuni na ɗaya tare da harafin wa, sai gonar ta fita daga hannunsa. A (d) rukuni na biyar ne yake nuna fitar. A Hausar Nijar an fi jin "ya ara ma Isa" da "ya saida gona", amma alƙiblar ba ta canja ba. Matsalar tana tasowa ne a sunan aiki, domin aro kalma ɗaya ce ga mai bayarwa da mai karɓa. Idan shaida ya ce "an yi aro tsakaninsu", bai faɗi wanda ya ba wani ba. Tafinta mai hankali sai ya nemi a maimaita zancen da cikakkiyar jimla mai aikau da karɓau.

Me ya sa wannan ya zama abin damuwa a Damargu? Dalilan suna cikin dokokin ƙasa. Doka mai lamba 61-05 ta watan Mayu na 1961 ta shata iyakar da noman damina ba zai wuce ba ta arewa, ta bar abin da ke bayanta ga kiwo, kuma Damargu tana bakin wannan layi. Yawan jama'a da gajiyar ƙasa sun sa gonaki sun haura shi tuntuni, ko da yake dokar kiwo ta 2010 ta sake tabbatar da shi. A ƙarshen 1974 kuma shugaba Seyni Kountché ya bayyana cewa duk gonar da mutum yake nomawa ta zauna a hannunsa, ko ta wace hanya ya same ta. Wannan furuci ya sa masu aro da yawa suka daina kai damin da aka saba kai wa mai gona a kowace kaka, alhali wannan damin shi ne shaidar da take tuna wa kowa cewa aro ne. Bayan shekaru, jikokin mai bayarwa su ce aro, jikokin mai karɓa su ce kyauta, shaidun farko kuwa sun riga mu gidan gaskiya. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara, amma aron da ya kai shekara arba'in yakan manta da sunansa.

Domin magance irin wannan ne aka kafa kundin dokokin karkara da doka mai lamba 93-015 ta 2 ga Maris 1993. Ita ce ta samar da kwamitocin kula da filaye a matakin gunduma, daga baya aka sauko da su ƙaramar hukuma da ƙauye. Waɗannan kwamitoci suna ba da takardu daban-daban: ta saye, ta kyauta, ta mallakar gargajiya, ta aro, ta haya, ta jingina. Zancen ana yin sa da Hausa ko Tamajak ko Fulatanci a gaban mai gari, amma an saba cika takardar da Faransanci. Tsakanin bakin mai magana da alƙalamin marubuci akwai mutum ɗaya, mai fassara. Idan dattijo ya ce "na ba shi gona ya ci", aka rubuta masa takardar kyauta, an yi wa magadansa asarar da ba su sani ba, domin "ya ci" a nan tana iyakance bayarwar ga amfanin gona kaɗai.

Wannan ya kai mu ga aikatau ci, wanda Claude Gouffé ya yi nazarin yalwar ma'anarsa tun 1966. A fagen mallaka ana cin gado, ana cin bashi, ana cin amana, ana kuma cin iyaka, wato manomi ya riƙa matsar da kan gonarsa cikin ta maƙwabci ko cikin burtali kaɗan-kaɗan. Idan aka ci burtali, bisashe suka rasa hanyar zuwa mashaya, sai su faɗa gona, a kira abin ɓarna. Kalmar ɓarna tana ɗora laifi a kan makiyayi, cin burtali yana ɗora shi a kan manomi, alhali sau da yawa abu ɗaya ake bayyanawa daga gefe biyu. Shi ya sa hukuma take sanya ranar sakin gonaki a kowace shekara bayan girbi, domin daga ranar shigar dabba gona ta daina zama ɓarna, ta koma kiwon kara da zuba taki.

5.0 Kalmomin Tafiya

Ƙauyen da damina ɗaya ba ta cika rumbunsa dole ne ya san hanya. Cin rani shi ne tafiyar da ake yi bayan girbi a dawo kafin shuka, kuma ginin kalmar yana nuna manufarta: a cinye watannin rani a wani wuri, a rage wa rumbun gida baki. Samarin Damargu suna zuwa Damagaram da Kano, suna zuwa Agadas da Arlit, wasu su tsallaka Libiya da Aljeriya, kuma tun da aka gano zinariya a Jado a 2014 wasu suka karkata can. Manyan yunwoyi ma sun bar sunayensu a harshe: ta 1913 zuwa 1914 ana kiranta Kakalaba, ta 1984 kuma a wurare da dama na Nijar ana danganta sunanta da Buhari, domin ta zo daidai da lokacin da gwamnatinsa ta rufe iyakokin Najeriya. Tsofaffi da waɗannan sunaye suke ƙirga shekarun haihuwa da na ƙaura, don haka mai bincike yana bukatar saninsu.

Rukuni na shida na aikatau, mai ƙarewa da -o, shi ne nahawun matafiyi. Yana nuna cewa aikin ya nufo wurin mai magana: tafi da taho, koma da komo, fita da fito, aika da aiko, saya da sayo. Uwar da ta ce ɗanta "ya aiko" ta faɗi komai da wasali ɗaya: yana raye, yana aiki, bai manta gida ba. Bambancin "ya koma Libiya" da "ya komo daga Libiya" shi ne bambancin gidan da ya rasa hannu a gandu da gidan da ya samu.

Kalmomin aro suna jere kamar zangon tarihi. Daga harsunan Abzinawa masana irin su Maarten Kossmann, wanda ya wallafa littafi a kan wannan batu a 2005, sun kawo kalmomi kamar raƙumi da takobi da takarda. Alamar mace a Tamajak ita ce t- a farkon kalma, sau da yawa da wata -t a ƙarshe, kuma ana amfani da ita wajen ƙaranta abu. Sunan Tanut kansa misali ne: anu rijiya ce, tanut kuma ƴar ƙaramar rijiya. Daga Barbarci, Joseph Greenberg ya nuna a 1960 cewa kasuwa da karatu da rubutu ta hannun Barebari suka shigo Hausa. Daga Faransanci aka samu lakkol da lanho da duwan da jandarma da kamyo, inda Bahaushen Najeriya zai ce makarantar boko da haraji da kwastan da lori. Ɗan cin ranin da ya dawo daga Kano yakan zo da kalmomin can, sai ƙauye ɗaya ya kasance da suna biyu ga abu ɗaya.

Sunayen garuruwa ma shaida ne. Sabon Kafi yana tuna zamanin da ake kewaye gari da shingen itace saboda hari. Garuruwan da sunansu ya fara da Gidan ko Garin suna ɗauke da sunan wanda ya sari wurin, kuma a shari'ar gona akan koma ga wannan suna. Waɗanda suka fara da Zangon kuwa galibi mazaunin Abzinawa ne ko tsohon masaukin ayari. A nan ya kamata a ja hankali game da kalmar Buzu, mai jam'i Buzaye ko Bugaje. Asalinta tana nufin talakawan da suke ƙarƙashin manyan Abzinawa, waɗanda da yawansu aka zaunar a Damargu suna noma, daga baya ma'anarta ta faɗaɗa ta game kowa. Saboda wannan tarihi wasu ba sa jin daɗinta, kuma ladabin bincike shi ne a tambayi mutum sunan da yake kiran kansa da shi.

6.0 Kammalawa

An ga yadda hatsi da dukiya suka ƙuntata ma'ana, yadda mahaɗin mallaka ya kasa bambanta mai gona da mai noma, yadda rukunan aikatau suke nuna alƙiblar ciniki da ta tafiya, da yadda kalmomin aro suka adana tarihin ayari da na mulkin mallaka. Kundin tsarin ƙasa da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar. Idan har takardun filaye za su koma Hausa wata rana, to ana bukatar a tsayar da ma'anar aro da jingina da kyauta da gamana tun yanzu, daga bakin masu amfani da su, gari da gari. Ƙamusun Bargery na 1934 da na Abdou Mijinguini sun share hanya, amma karin Damargu yana jiran masu tattara shi.

Ga shawara ga ƴan'uwa ɗalibai da za su je gida hutu, musamman ƴan Belbeji da Tanut. Kowa ya nemi dattijo ɗaya da tsohuwa ɗaya, ya nemi izininsu, ya naɗi bayaninsu a kan yadda gonakin gidansu suka zo hannunsu. A rubuta jimlolin yadda aka faɗe su, ba tare da an gyara su zuwa Hausar Kano ba, a sa karin sauti da tsawon wasali, a ɓoye sunayen mutane. A kuma auna damin garin da tiya, a rubuta adadin. Abin da aka tattaro a kawo shi sashe idan an dawo, domin a kwatanta shi da na Maraɗi da na Tawa a fitowa ta gaba.